Yadda Ake Zaɓar Kiliya da Fesa Ta a Kan Ƙananan Motocin Hannu Ba Tare da An Ɓata Aiki ko An Cutar da Huhu Ba

Darasin yau ya ɗan kauce daga manhajoji da saitin waya, amma bai fita daga fagen ƙere-ƙere ba. Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya sha cin karo da matasanmu masu ƙera ƙananan motoci, jirage, taraktoci da katafila da hannunsu, wasu har da rimot da fitilu. Sau da yawa ginin yakan yi kyau, sai a wajen fentin ƙarshe aikin ya faɗi. Wannan fenti na ƙarshe, wanda ba shi da launi kuma shi ke ba da sheƙi, shi masu fentin mota ke kira kiliya. Za mu ga yadda ake zaɓarta, yadda ake fesa ta a irin yanayinmu, da yadda mutum zai kare ƙirjinsa yayin da yake yi.

Yadda na shigo harkar

Ni aikina rubuta manhaja ne, kuma a waya na koya. A watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Isa da Sabon Birni, sai na wayi gari a Turba ba aikin yi. Ƙanena kuwa ko a jikinsa, don shi tun yana ƙarami yake haɗa motar kara da ta gwangwani, yana yanka tsohon silifas ya yi tayoyi. A lokacin ya kai matakin gasa bututun PVC ya baje shi, ya yanka, ya haɗa jikin mota. Ya shafe mako uku yana gina ƙaramar Hilux, ya shafa mata farin fentin mai, ya yi kujeru da farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin.

Ni da na ɗan ga bidiyoyi a baya sai na ce masa saura sheƙi. Na samo gwangwanin kiliya a wani shago, washegarin da ya gama fenti muka shiga ɗaki da tsakar rana, muka rufe ƙofa don kada ƙura ta shigo, na danna feshi har sai da motar ta jiƙe sharkaf. Cikin minti biyar fentin ya tattare kamar fatar tsohon jaka, kujerun suka narke suka zama danƙo. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ka kashe mani mota." Ni kuma ciwon kai da jiri ba su sake ni ba har bayan isha'i.

Kuskure huɗu na yi a zama ɗaya: na ɗora kiliya mai zafi a kan fenti mai rauni, ban jira fentin ya bushe ba, na zuba da yawa lokaci guda, kuma na yi feshi a rufaffen ɗaki. Sauran wannan darasi bayani ne a kan yadda za ka kauce wa huɗun nan.

Daga ina sheƙi yake zuwa?

Abu yana sheƙi ne idan fuskarsa ta yi sumul, ta yadda hasken da ya sauka a kai zai koma ta fuska ɗaya, kamar ruwan randa da ba a taɓa ba. Idan fuskar tana da ƙananan tudu da kwari, hasken yakan watse, sai ido ya ga abin ya dushe. Aikin kiliya shi ne ta kwanta ta cike waɗannan ƙananan ramuka kafin ta bushe. Amma ramukan da ido ke iya gani sun fi ƙarfinta. Wani dattijo mai fentin babura da na kai wa kuka ya ce mani, "Samari, kiliya ba ta rufa asirin aiki, tona shi takai. Abin da kab bari ƙasa shi za ka gani bisa."

Akwai kuma lissafin girma. Masu ƙera samfurin motoci a duniya sun fi amfani da ma'aunin 1:24, na jirage 1:72, na motocin soja 1:35. Hilux ta gaske tsawonta ya kai kusan mita 5.3, idan ka raba da 24 za ka samu kimanin santimita 22. To haka kaurin fenti ma yake ninkuwa. Idan ka ɗora kiliya mai kaurin milimita 0.1 a kan wannan ƙaramar mota, daidai yake da milimita 2.4 a jikin ta gaske, alhali duka fentin motar gaske bai wuce milimita 0.1 zuwa 0.2 ba. Shi ya sa kiliya mai kauri take cike layin ƙofofi, ta mayar da mota kamar alewar da aka lasa. Abin da ake nema shi ne siririn shafi mai santsi.

Gwangwani ko alƙalamin feshi?

Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko gwangwanin feshi, wanda wani Ba'amurke, Edward Seymour, ya fara zuba wa fenti a 1949. Yana da sauƙin samu a shagunan kayan gini da na kayan babur, kuma ba ya buƙatar wuta. Matsalarsa ita ce ba ka da iko a kan yawan abin da ke fitowa, an yi shi ne don ƙofa da tankin babur, ba don abin da bai wuce tafin hannu ba.

Ta biyu ita ce ƙaramar bindigar fenti mai siffar biro, wadda zan riƙa kira alƙalamin feshi. A kasuwa eyaburosh ake ce masa. Tsohuwar na'ura ce, kamfanin Paasche da aka kafa a birnin Chicago tun 1904 yake ƙera ta. Abin da ya sauya yanzu shi ne an samu masu ƙaramar kwamfuresa a hannu da batir a ciki, ana cajinsu da wayar caja irin ta Type-C. Mai yiwuwa ka taɓa ganin irinsa a hannun masu aski na zamani suna gyara layin gashi. Ga wanda ke zaune inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ya fi dacewa, don ko da fawa-bank ko sola za ka caje shi.

Idan za ka saya, duba abubuwa huɗu:

1. Faɗin baki. Mai milimita 0.3 shi ya fi yawa kuma yana aiki. Mai 0.5 ya fi sauƙi wajen kiliya, musamman idan motar babba ce. Mai 0.2 yawan toshewa yake yi.
2. Kunama. Nemi wanda idan ka danna ƙasa iska ke fita, idan ka ja baya fenti ke fita. Da shi za ka iya sarrafa yawan fentin.
3. Ƙarfin iska. Kiliya tana buƙatar PSI 15 zuwa 25. Masu batir ƙarfinsu kan ragu idan caji ya yi ƙasa, don haka kada ka fara shafin ƙarshe sai batir a cike.
4. Kayan gyara. Allura da baki su ne ke saurin lalacewa. Wanda ya zo da na canji ya fi wanda ya fi shi kyawun kwali.

Idan kuma babbar kwamfuresa za ka ara a wajen mai faci ko mai fenti, sai ka sa mata abin rage ƙarfin iska da matarar ruwa, domin tankinta yana tara ruwa da mai, kuma ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata aiki.

Kiliya iri huɗu ce

Bambancinsu yana cikin ruwan da ke narkar da su. Masu fenti sukan ce wata ta fi wata "zafi", ma'ana ruwanta ya fi ƙarfin narkar da abin da ya tarar.

Akirilik. Ita ce mafi sanyi. Wata da ruwa ake tsinka ta, kamar ta kamfanin Vallejo na Sifaniya, wata kuma da sinadarin alkohol, kamar X-22 ta kamfanin Tamiya da ke Shizuoka a Japan. Warinta kaɗan ne, ba kasafai take cin abin da ke ƙasa ba, sai dai ba ta kai sauran ƙarfi ba, kuma tana son kwanaki kafin ta yi tauri sosai. Mai koyo da ita ya kamata ya fara.

Mai mai. 'Yar'uwar fentin man da ake shafa wa ƙofofi da tagogi ce, a gwangwani za ka ga an rubuta Enamel. Tana kwanciya sumul saboda jinkirin bushewarta, amma wannan jinkiri shi ne aibinta a ƙasar ƙura. Tana kuma yin ɗorawa-ɗorawa idan ta daɗe, abin da ke fitowa fili a kan farin fenti.

Mai tina. Ita masu fentin mota ke kira selulos, a gwangwani kuma ana rubuta Lacquer. GX100 ta kamfanin GSI Creos da TS-13 ta Tamiya duk wannan dangi ne, haka ma da yawa daga gwangwanayen feshin da ke kasuwanninmu. Tana bushewa da sauri, tana da ƙarfi, tana karɓar gogewa. Amma tana da zafi, tana da wari, kuma tana kama wuta.

Mai hadina, wato 2K. Ita ce ta gareji, wadda ake haɗa ruwa biyu kafin a fesa. Sheƙinta ya fi na kowa, kuma ita ce mafi haɗari. Za mu dawo kanta.

Dokar ɗorawa gajeriya ce: mai sanyi tana hawa kan mai zafi, mai zafi ba ta hawa kan mai sanyi. Akirilik za ta iya hawa kan fentin mai ko na tina idan sun bushe sarai. Mai tina kuwa idan ta hau kan fentin mai, sai ta jiƙa shi ya kumbura ya tattare, abin da ya faru da Hilux ɗin ƙanena ke nan. Mafi aminci shi ne fenti da kiliya su zama dangi ɗaya.

Ka kuma duba abin da aka yi jikin motar da shi. Farin soso yana narkewa da tina nan take, akirilik ta ruwa kaɗai ya yarda da ita. Kwali da katako suna shanye kiliya, sai an fara toshe su da gam ɗin kafinta da aka tsinka da ruwa, shafi biyu, a goge da samfefa. Gwangwani da langa-langa suna buƙatar a kankare tsatsa a sa firaima. PVC da roba mai tauri suna son a ɗan karce su da samfefa mai laushi don fenti ya samu wurin kamawa. Roba mai laushi, irin ta yawancin rigunan waya, ba ta riƙe kiliya, tana ɓarewa da zarar an lanƙwasa. Ita wayar kanta kuwa kada ka kuskura ka fesa mata, ramukan sifika da makirfo za su toshe.

Gwajin cokali

A wajen rubuta manhaja ba ma saka sabon abu kai tsaye a inda mutane ke amfani, sai mun gwada a gefe. Haka nan ma. Tara cokulan roba na abincin saye ko guntayen abin da ka gina motar da shi. Duk abin da ka shafa wa motar, shafa wa cokali uku a rana ɗaya. Idan lokacin kiliya ya yi, cokali za ka fara fesa wa, ka jira awa ɗaya ka duba. Idan ya tattare, cokali ka yi asara ba aikin mako uku ba. Rubuta a wayarka irin kiliyar, yawan tinar da ka sa, lokaci da yanayin gari. Idan sakamako bai yi ba, abu ɗaya za ka sauya ka sake gwadawa, don idan ka sauya uku a tare ba za ka san wanne ya gyara ba.

Lafiyarka kafin sheƙi

Feshi yana fitar da abu biyu: ƙananan ɗigon fenti da ke yawo a iska, da tururin sinadarin da ya narkar da shi. Tina tana ɗauke da sinadarai irin su toluwin, dangin waɗanda ke cikin sholisho da muka san yadda yake lalata ƙwaƙwalwar masu shaƙarsa. Takunkumin yadi ko na asibiti, irin wanda aka yi yayi lokacin korona, ba ya tare wannan tururi ko kaɗan. Rawani ko hankici ma haka.

Ga akirilik ta ruwa, takunkumi mai lamba N95 ko FFP2 ya wadatar, tare da iska mai wucewa. Ga mai tina da mai mai, sai takunkumin roba mai matata biyu a gefe, wanda aka yi don tururin sinadarai. A tsarin Turai matatar tana da harafin A da zane ruwan ƙasa, misali A2P3. A kayan kamfanin 3M kuma akwai takunkumi mai lamba 6200 da matata mai lamba 6001. Idan ka saka, toshe matatun da tafin hannu ka ja numfashi, in ya manne a fuska to ya zauna daidai. Gemu mai yawa yana hana shi mannewa, don haka mai gemu ya fi masa ya tsaya a kan akirilik ta ruwa kuma ya yi aiki a fili. Idan ka gama, sa matatun a leda ka ɗaure, don gawayin da ke ciki yana ci gaba da shan iska ko ba a fuska yake ba. Ranar da ka fara jin wari ta cikin takunkumi, matatar ta gama aiki.

Yanzu batun 2K. Hadinarta tana ɗauke da sinadarin isosiyanet, wanda hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ke lissafawa cikin manyan abubuwan da ke jawo asma a wurin aiki, har ta wajabta wa masu fesa shi takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Hanci ba ya jin warinsa a matakin da yake fara cutarwa. Alamunsa, wato tari, shaƙewa da ƙirji mai kuka, kan iya jinkirtawa sai cikin dare. Idan jiki ya riga ya ƙi shi, ko ɗan kaɗan aka shaƙa daga baya ciwon zai tashi, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Na san za ka ga ana fesa ta a gareji ba takunkumi, kuma wani zai ce ya ɗiba maka kaɗan a kwalba. Shawarata ita ce kada ka karɓa. Babu motar wasan da ta kai darajar numfashinka, musamman a yankin da zuwa babban asibiti da dare ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa shan madara bayan feshi yana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, tururin fenti kuma huhu ya shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Sha madararka don daɗi, amma kada ka ɗauke ta kariya.

Sauran ƙa'idojin:

- Yi feshi a waje, a inuwa, iska tana bugun bayanka tana tafiya da feshin gaba.
- Nisanci murhu, garwashi, tukunyar gas, janareta da mai shan taba. Tururin tina ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske wuta.
- Kada ka tsinka fenti ko ka wanke hannu da fetur. Sa safar hannu, ka wanke da sabulu.
- Kada ka zuba tina a gorar ruwa ko ta lemo. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja, a garzaya asibiti da shi tare da kwalbar.
- Kori yara, masu juna biyu da masu asma daga wurin. Ragowar tina kada ta je kusa da rijiya ko wurin shan dabbobi.
- Kada ka bar gwangwanin feshi a rana ko cikin but ɗin babur. A jikinsa an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50.
- Cire batir, mota mai juya taya, fitilu da allon rimot kafin feshi. Ajiye wayarka nesa, ɗigon kiliya yana dusashe gilashin kyamara.

Yanayinmu na Gobir

Yawancin bidiyoyin da za ka gani an ɗauke su ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. Mu kuwa kowane lokaci na shekara da irin rigimarsa.

A bazara, wajen Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40. Ɗigon kiliya yakan bushe a iska kafin ya sauka, sai jikin motar ya yi ƙurji-ƙurji kamar ɓawon lemo, ko ya yi gautsi kamar samfefa. Maganin shi ne feshi bayan asuba kafin rana ta ɗaga, a ƙara tina kaɗan, a matso kusa, a rage ƙarfin iska.

A damina laima ce matsalar. Tina tana sanyaya wurin da take tashi, sai raɓa ta sauka ta maƙale a cikin kiliyar, sheƙin ya koma fari-fari kamar hazo. Duba manhajar yanayi a wayarka, idan laima ta wuce kashi 70 cikin 100 ko hadari ya haɗu, bari sai wata rana.

A hunturu sanyin safiya yana da daɗin aiki, amma ƙura ba ta barin kowa. Bushewar iska kuma tana sa roba ta riƙa jan ƙura da zarar an goge ta da busasshen ƙyalle. Yayyafa ruwa a ƙasan wurin, ka goge motar da ƙyalle mai ɗan laima, ka tanadi robar ajiya mai murfi ko kwali mai tsabta da za ka kifa a kai da zarar ka gama. Akwai kuma abin da mutane ba sa lura da shi: basilin da muke shafawa saboda kaushi. Yatsa ɗaya mai maiƙo idan ya taɓa jikin motar, kiliya za ta guje wa wurin ta bar ɗan rami zagayayye kamar idon kifi.

Matakan feshi

1. Bar fentin ƙasa ya bushe sarai. Na tina kwana ɗaya zuwa biyu, akirilik kwana biyu zuwa uku, fentin mai mako guda ko fiye. Idan har yana wari, bai gama ba.
2. Haska fitilar waya daga gefe, a kwance, za ka ga duk ƙura da tabo. Goge su da samfefa mai lamba 1500 ko 2000 da ruwa, a hankali.
3. Wanke motar da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, ka ɗauraye, ka bar ta ta bushe a rufe. Daga nan sai da safar hannu.
4. Maƙala ta a kan sanda ko waya don ka riƙa juya ta. Rufe gilasai da tayoyi da tef ɗin takarda.
5. Tsinka kiliyar da ruwan da aka yi mata. Fara da kashi ɗaya na kiliya da kashi ɗaya na matsinki, mai tina takan so har ɗaya da rabi ko biyu. Kaurin ya zama kamar madarar ruwa. Tace da guntun yadi mai laushi.
6. Shafin farko da na biyu raɓa-raɓa kawai, daga nisan santimita 12 zuwa 15, da hutun minti 10 a tsakani. Ba za su yi sheƙi ba, kada ka damu, aikinsu su kare fenti da sitika daga zafin abin da ke tafe.
7. Shafi na uku shi ne mai jiƙa. Matso zuwa santimita 8 ko 10, ka rage saurin hannu. Fara feshin kafin ka iso jikin motar, ka sake shi bayan ka wuce, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Da zarar ka ga wurin ya yi ƙyalli kamar an jiƙa, wuce gaba. Daƙiƙa ɗaya ce tsakanin ƙyalli da hawaye.
8. Kifa mata murfi, ka bar ɗan wurin shan iska, a inuwa. Rana tana busar da sama ta bar ƙasa da ɗanye, tana kuma lanƙwasa roba.

Idan da gwangwani kake aiki, girgiza shi minti biyu cikakku, ka tsaya nisan santimita 25 zuwa 30, hannunka ya fi sauri, sauran matakan duk ɗaya ne.

Idan an samu matsala

Mafi yawan kurakurai suna gyaruwa idan ka iya haƙuri. Kada ka taɓa ɗanyar kiliya da yatsa ko ƙyalle don cire ƙura ko hawaye, sauri ya haifi nawa. Bar ta ta yi kwana uku zuwa bakwai, sannan ka goge wurin da samfefa 2000 da ruwa, ka bi da 3000 idan ka samu, ka kiyayi gefuna don nan kiliya ta fi siranta. Wurin zai dushe, sai ka dawo da sheƙin da man goge fentin mota a kan auduga. Idan babu, farin man goge baki yana ɗan taimakawa. Ɓawon lemo ma haka ake yi masa. Hazon damina sau da yawa yakan tafi idan ka sake fesa siririn shafi a ranar da gari ya bushe. Tattarewa ce kaɗai ba ta da gajeriyar hanya, sai an kankare an faro daga tushe.

Kada ka manta da alƙalamin. Da ka gama, zubar da ragowar, ka zuba matsinki ka fesa cikin gwangwani mai tsumma har ya fito garau, ka zare allurar ka goge ta daga baya zuwa tsini. Kiliya ba ta da launi, don haka za ka ɗauka ya wanku alhali ta daskare a ciki, sai ran da ka tashi aiki ka tarar kunama ta ƙi motsi.

Hilux ɗin nan sai da muka kankare ta kwana biyu, ƙanena ya sake kujeru da kwali, muka jira fentin ya yi kwana goma. Da asubar wata Juma'a muka yayyafa ruwa a bayan gida, muka fesa akirilik shafi uku, muka kifa mata robar wanki. Har yau tana kan kanta a ɗakinsa, kuma cokalin da muka gwada yana rataye kusa da ita. Idan yau za ka fara, kafin ka sayi kiliya ka fara sayen takunkumi, ka tara cokula. A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake haɗa fitilun LED da batir a cikin irin waɗannan motoci ba tare da an ƙona su ba.